Baba zai zo Ayilan kwana shida, ina ya kamata in kai shi?

Ummu_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Shekara uku ke nan ina aikin jinya a Dublin, kuma cikin ikon Allah Baba ya samu biza, zai zo mana a watan Yuni. Kwana shida kacal zai yi, ya ce ba zai iya barin gida fiye da haka ba. Tsohon malamin tarihi ne, shekara talatin da biyu ya yi yana koyarwa a sakandare kafin ya yi ritaya. Damuwata ita ce ciwon gwiwa da yake fama da shi, ba ya iya doguwar tafiya a ƙasa, matakala kuma sai a hankali. Maigidana ya dage sai an kai shi tsaunukan Moher da ke bakin teku, wai wanda bai je can ba bai ga Ayilan ba. Ni kuwa gani nake fiye da awa uku zuwa, fiye da awa uku dawowa, don a kalli dutse da ruwa, wahalar da dattijo ne. Waɗanda suka zaga ƙasar don Allah ku taimaka min.

Dakta_Bashir_Galway:
Wa'alaikumus salam Malama, Allah Ya kawo Baba lafiya. Ni dai ina bayan maigida. Ki daina cewa dutse da ruwa, gani ya kori ji. Inda ya fi tudu a wajen ya kai mita 214, dutsen a miƙe yake kamar an yanka shi da wuƙa, tekun Atilantika yana dukansa daga ƙasa, tsuntsaye suna shawagi a ƙarƙashin ƙafarki. Ran da na fara zuwa ban san lokacin da na fara tasbihi ba. Kuma kusa da cibiyar baƙi hanyar a daɓe take, ba dole ne ya hau har hasumiyar O'Brien da aka gina a 1835 ba, daga ƙasa ma ana gani. Kuskuren da mutane ke yi shi ne zuwa da dawowa a yini ɗaya. Ku kwana a birnin Galway da ke yammacin ƙasar, ku je da sassafe.

Hauwa_Cork:
Dakta ka manta da hazo. Sau biyu na je, na farko ban ga ko tafin hannuna ba, iska kuma ta kusa tafiya da mayafina.

Malam_Tukur_Zazzau:
Ƙanwata, kin ce malamin tarihi ne. To ki fara da abin da ke bakin ƙofarki. A harabar fadar Dublin akwai ɗakin adana littattafai na Chester Beatty, shiga kyauta ne, akwai na'urar hawa bene, akwai wurin zama. Shi Chester Beatty Ba'amurke ne da ya yi arziki a haƙar ma'adinai, ya shafe rayuwarsa yana sayen tsofaffin rubuce-rubucen hannu, ya koma Dublin da zama a 1950, da ya rasu a 1968 ya bar wa mutanen ƙasar abin da ya tara. A ciki akwai kwafin Alƙur'ani rubutun hannu fiye da ɗari biyu, cikakku da ɓangarori. Wanda ya fi shahara shi ne wanda Ibn al-Bawwab ya rubuta a Bagadaza a shekara ta 391 bayan Hijira, wato fiye da shekara dubu ke nan.

Ni na taso a makarantar allo, na san wahalar fiƙe alƙalamin gamba da dafa tawada. Da na tsaya gaban gilashin nan na ga yadda kowace wasali ta zauna a wurinta, ga zayyanar ruwan zinare a kan sunan sura, ga layi a miƙe kamar an ja da zare, sai na tuna alaramman da ya yi mana zayyana ran saukarmu, hannunsa yana rawa saboda tsufa amma harafi bai karkace ba. Na fi minti ashirin ban gusa ba. Sai dai ki sani ana sauya abin da ake bajewa lokaci zuwa lokaci, don haske yana cin tawada, ba lallai ku tarar da na Ibn al-Bawwab a buɗe ba. Amma ba za ku rasa abin da zai sa Baba ya yi shiru ba.

Ummu_Sadiq:
Ikon Allah. Malam, na sha wucewa ta wajen a bas, ban taɓa sanin da wannan ba. Na gode ƙwarai.

Rifkatu_Jos:
Malam Tukur ya faɗi gaskiya, kuma a can ɗin akwai tsofaffin gutsattsarin Littafi Mai Tsarki a kan takardar Masar ta dā, ni su suka kai ni. Tunda kuna cikin gari, daga nan zuwa jami'ar Trinity tafiyar 'yan mintoci ce. Can ne Littafin Kells yake, Linjila huɗu da harshen Latin, sufaye suka rubuta a kan fatar maraƙi wajajen shekara ta 800, ganye 340. Ado ne da sai an matso ake ganin cewa abin da aka ɗauka layi ne, ashe maciji ne ya naɗe wutsiyar kyanwa. Buɗi ɗaya ake nunawa a lokaci guda, kuma ana biya, akwai cunkoso, ku sayi tikiti ta intanet tun da wuri.

Wani abu kuma da Baba zai so: mu a Filato da Kaduna fada-fada 'yan Ayilan ne suka buɗe makarantu da asibitoci da yawa. Kakata a hannunsu ta yi karatu. Ko a Kano, sistocin St Louis daga Ayilan suka zo a 1948. Shi ya sa Katolika na Nijeriya suka ɗauki Waliyyi Patrick a matsayin waliyyin ƙasa, shi ne kuma na Ayilan.

Abba_Danbirni:
Ku bar maganar littattafai, dattijo hutu ya zo. Ki kai shi Giant's Causeway. Ginshiƙan dutse kusan dubu 40, yawancinsu masu kusurwa shida, a jere kamar tubalin da magini ya shirya, alhali aman wuta ne ya huce ya tsattsage haka. Mutanen wajen suna da tatsuniyar cewa wani ƙato mai suna Finn ne ya shimfiɗa su don ya tsallaka Sikotilan ya yi faɗa da wani ƙaton. A hanya ku tsaya Belfast ku ga inda aka ƙera jirgin Titanic. Motocin yawon buɗe ido suna tashi daga Dublin kullum.

Barista_Nafisa:
Don Allah Ummu Sadiq kada ki bi wannan shawarar sai kin duba fasfon Baba. Abba, wurin da ka ambata yana Ayilan ta Arewa ne, ita kuwa ƙarƙashin Birtaniya ta ci gaba da zama bayan raba tsibirin a 1921. Bizar Jamhuriyar Ayilan ba ta ba ɗan Nijeriya izinin shiga can, sai yana da ta Birtaniya daban. Abin da ke yaudarar mutane shi ne babu shinge a kan iyakar, sai dai ka ga allunan hanya sun koma mil maimakon kilomita, kuɗi ya koma fam maimakon yuro. Amma dokar tana nan, kuma wani lokaci ana tsayar da bas a duba takardu. Na san wani ɗalibi da ya shiga matsala a kan haka, bai yi da gangan ba, rashin sani ne. Haka kuma bizar Shengen, wadda ake shiga ƙasashen Turai da yawa da ita, ba ta aiki a Ayilan, ita ma ta Ayilan ba ta kai ka Faransa.

Abba_Danbirni:
Wallahi ban yi tunanin wannan ba Barista, ni ina da takardun ɓangarorin biyu shi ya sa. A yi haƙuri, na janye.

Sani_Mai_Tasi:
Ni direba ne a nan, shekara goma sha ɗaya. Idan kina son wurin da ba nisa kuma zai girgiza malamin tarihi, Newgrange ne, ƙasa da awa ɗaya daga Dublin, a kwarin kogin Boyne. An gina shi wajajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa, ya girmi dalar Giza ta Masar da ɗaruruwan shekaru. Daga waje tudu ne mai ciyawa da farin dutse a gaba. Ana shiga ta wani siririn lungu mai tsawon mita 19 zuwa wani ɗaki a tsakiya, rufinsa duwatsu ne aka ɗora wani kan wani ba siminti ba laka, kuma har yau ba ya yoyo, a ƙasar da ruwa ba ya ɗaukewa. A saman ƙofar akwai wata taga. A ranakun da dare ya fi tsawo, wajen 21 ga Disamba, hasken fitowar rana yana bi ta tagar ya ratsa lungun har cikin ɗakin, ya yi kamar minti 17 ya janye. Mai yi muku bayani zai kashe fitilu, duhu ya rufe ku ruf, sannan ya kunna wani haske da ke kwaikwayon na ranar. Da na ga siririn hasken nan yana tafowa a ƙasa sai tsigar jikina ta tashi. Mutanen da ba su da ƙarfe ba su da rubutu, amma sun san lissafin rana haka.

Gargaɗi ɗaya: lungun matsattse ne, akwai inda sai an sunkuya an karkata. Ki tambayi Baba in zai iya. Kuma ba a zuwa kai tsaye, sai ta cibiyar baƙi ta Brú na Bóinne, su ne ke kai mutane a motarsu.

Hauwa_Cork:
Ba wanda ya ambaci tsohuwar fadar Blarney da ke nan kusa da mu a Cork. Lambun wajen yana da kyau sosai.

Ustaz_Kabiru:
Ba can ne ake sumbatar dutse wai don a samu fasahar magana ba? Malama Hauwa, Musulmi ba shi da dutsen da yake sumbata sai Hajarul Aswad, shi ma don koyi da Manzon Allah (SAW). A kiyaye.

Hauwa_Cork:
Ustaz, lambu na ce, ban ce a sumbaci komai ba. Ni ban taɓa yi ba. Dutsen ma yana can ƙololuwar ginin, sai an hau matakala fiye da ɗari masu murɗewa, a kwanta rigingine a lanƙwasa kai baya wani yana riƙe da kai. Ba na mai ciwon gwiwa ba ne ko ta wace fuska.

Ustaz_Kabiru:
To madalla, na fahimta. Allah Ya yafe mana.

Malam_Tukur_Zazzau:
Bari in ƙara ɗaya, don jiya na kwana da abin a raina. Malamin da ya shekara talatin yana koya wa yara yadda Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903 ya kamata ya ga cewa waɗannan Turawan sun fara gwada mulkin mallaka a kan maƙwabtansu farare. Ki kai shi kurkukun Kilmainham da ke Dublin. An buɗe shi a 1796, an rufe a 1924. Bayan boren da 'yan Ayilan suka yi wa mulkin Birtaniya a lokacin Ista na 1916, a farfajiyarsa aka harbe jagorori 14 a cikin watan Mayu. Ɗaya daga cikinsu, James Connolly, rauni ya hana shi tsayuwa, a kan kujera aka ɗaure shi aka harbe. Wani kuma, Joseph Plunkett, an ɗaura masa aure a majami'ar kurkukun sa'o'i kaɗan kafin a kashe shi. Farfajiyar ba komai a cikinta sai bango mai tsawo da tsakuwa da tuta da ƙananan gicciye biyu, amma mu talatin da muka shiga ba wanda ya yi tari. Daga nan ku bi ta babban gidan waya da ke titin O'Connell, inda Patrick Pearse ya karanta shelar jamhuriya, ana nuna tabon harsashi a jikin ginshiƙan. Tikitin Kilmainham yana ƙarewa da wuri, ki nema makonni kafin zuwansa, ki kuma faɗa musu batun gwiwa saboda akwai matakala.

Zainab_Limerick:
In dai tarihin baƙin ciki ne, to yunwar nan ta fi komai. Daga 1845 zuwa 1852 cuta ta faɗa wa dankalin turawa, irin wanda muke saye daga Jos, kuma shi ne abincin talakan ƙasar safe da dare. Mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan ɗaya suka shiga jirgi zuwa Amurka da Kanada da Ingila. Kafin nan mutanen tsibirin sun haura miliyan 8, har yau ba su koma wannan adadin ba. Abin da ya fi ci musu rai shi ne ana cikin yunwar ana fitar da hatsi da shanu daga ƙasar ana sayarwa a waje. A bakin kogin Liffey, a Custom House Quay, akwai gumakan tagulla na mutane ramammu suna tafiya zuwa tashar jirgi, ɗaya ya saɓa yaro a kafaɗa, kan yaron ya langaɓe. A fili suke, ba biya, ba matakala. Mahaifiyata da ta gan su cewa ta yi, wannan ai yunwar da iyayenmu ke ba mu labari ce, fuskar mai yunwa ɗaya ce ko'ina.

Abba_Danbirni:
Kuma Musulmi ne suka cece su a lokacin. Sarkin Daular Usmaniyya ya aiko da jirage cike da abinci a ɓoye zuwa Drogheda, shi ya sa tambarin garin yake da wata da tauraro har yau.

Barista_Nafisa:
Abba, a bambance abin da ya tabbata da abin da ake faɗa. Na farko, Usmaniyya ta Turkiyya ake nufi, ba ta Shehu Ɗanfodiyo ba, kada wani ya rikice. Sultan Abdulmajid ya ba da gudummawar fam 1,000 a 1847, wannan a rubuce yake, har da wasiƙar godiya da manyan ƙasar suka aika masa. Batun jirage a ɓoye labarin baka ne da masana tarihi ke jayayya a kai. Wata da tauraron Drogheda kuwa sun girmi yunwar da ɗaruruwan shekaru. Cewa kuma "sun cece su" ya yi yawa ga bala'in da ya ci mutum miliyan. Alherin ya isa abin alfahari ba sai an ƙara masa gishiri ba. Ƙabilar Choctaw ta Amurka ma, da talaucinsu, sun tara kuɗi sun aiko a shekarar, akwai abin tunawa da su a Midleton kusa da Cork.

Abba_Danbirni:
Ni dai haka na ji daga bakin wani ɗan garin. Amma na karɓi gyara a kan tambarin.

Rifkatu_Jos:
Mun tafi nesa. Baiwar Allah tambaya ta yi a kan Moher.

Sani_Mai_Tasi:
To ga tsaka-tsaki. Glendalough a tsaunukan Wicklow, kamar awa ɗaya daga Dublin. Tafki biyu ne a cikin kwari, ga kufan mazaunin sufaye da Waliyyi Kevin ya kafa a ƙarni na 6, ga hasumiya zagayayya mai tsawon kusan mita 30, ƙofarta a sama ta fi ƙarfin tsayin mutum. Daga wurin ajiye mota zuwa kufan ba nisa. Ya ga kore, ya ga ruwa, ya ga tarihi, ku dawo kafin la'asar. In teku yake so, jirgin ƙasa na DART zai kai ku Howth cikin rabin awa, akwai tsauni a bakin ruwa da kifi sabon kamu.

Dakta_Bashir_Galway:
Malam Sani, Howth da Moher ai ba haɗi. Kuma ba tsaunin kaɗai nake nufi ba. Yammacin ƙasar shi ne inda harshensu ya rage da rai. A tsibiran Aran da Connemara za ka ji tsoho yana yi wa jikansa magana da Gelik, ba Turanci ba. Ku da ke Dublin kuna ganin Baile Átha Cliath a jikin bas ba ku san sunan garin ba ne da harshen masu shi. A ƙidayar 2022 kusan mutum miliyan 1.9 suka ce suna iya harshen, amma masu yin sa kullum a wajen makaranta ba su wuce dubu 72 ba. Duk lokacin da na tuna wannan sai in dubi 'ya'yana da nake yi wa Hausa suna amsa min da Turanci, gabana ya faɗi. Ina so Baba ya ga wannan da idonsa, wataƙila in ya yi wa jikokinsa faɗa za su fi ji.

Zainab_Limerick:
Dakta ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Nawa ma haka suke.

Ustaz_Kabiru:
A yi la'akari da lokutan salla. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe 10 na dare, ta fito kafin 5 na safe. Dattijon da ya saba kwanciya bayan isha zai sha wuya kwana biyun farko, kada ku ɗora masa tafiya washegarin saukarsa. Juma'a ku kai shi masallacin South Circular Road. Sannan kowace takardar yawon buɗe ido za ta fara nuna muku gidan Guinness, wannan ba namu ba ne.

Hauwa_Cork:
Kiɗan gargajiyarsu ma yawanci a mashaya ake yi, amma a titin Galway da rana za ku ji kyauta. Suna da wata ganga mai fuska ɗaya da suke kira bodhrán, kamar bandirinmu sak. Ki saya masa rigar ruwa mai hula, lema ba ta jure iskar yamma.

Ummu_Sadiq:
Allah Ya saka wa kowa da alheri, ban zaci zan samu haka ba. Na kira Baba da daddare na karanta masa duk abin da kuka rubuta. Da na zo kan Alƙur'anin Bagadaza cewa ya yi in maimaita shekarar, na ji yana rubutawa. Kurkukun kuma ya ce ko da rarrafe zai shiga, wai ya koyar da boren 1916 a aji daga littafi, bai taɓa tsammanin zai taka wurin ba. Ayilan ta Arewa mun cire, Barista na gode. Newgrange ya ce a bari ya zo ya ga yadda gwiwar za ta kasance.

Na ɗauka shi ke nan na yi nasara a kan maigida. Sai ga Baba yana tambaya, wannan tsaunin da mijinki yake faɗa, in mutum ya tsaya a kai, gabansa ba wata ƙasa sai Amurka? Na ce tsibiran Aran ne kawai, bayansu sai teku. Ya yi shiru, sannan ya ce waɗancan mayunwata ta wannan ruwan suka bi ke nan. Bai ce a je ba, bai ce kada a je ba.

Dakta_Bashir_Galway:
Malama, wannan ai ya ce a je ne. Ɗakin baƙina yana nan, a ƙasa yake ba bene, ku zo ku kwana.

Malam_Tukur_Zazzau:
Kwana biyu cikin shida za su tafi a hanyar yamma, Dakta, ga na hutun sauka, ga Juma'a. Ni har yanzu ina ganin Dublin da kewayenta sun ishe shi a wannan zuwan.

Sani_Mai_Tasi:
Ku duba hasashen yanayi ana gobe, shi zai raba gardamar. In sama ta washe ni zan ɗauke ku da kaina, mu tsaya a hanya sau biyu ya miƙe ƙafa. Ummu Sadiq, wace rana jirginsa zai sauka?